Gwiwar da Aka Auna a Sahun La'asar

Tsawo ne ya cuce ni. Da Allah ya yi ni gajere kamar sauran ƴan gidanmu, da yanzu ina Tajaye da ƙafafuna biyu lafiya lau, ina noman hatsi da wake, ina zagin fāri kamar kowa. Sai ya ja ni sama, har ba na shiga ɗakin uwata sai na duƙa. A kolej na Ƙonni wani malamin wasanni ya hango ni a bayan layi, ya ɗora min ƙwallon basket, wato ƙwallon kwando, a hannu, ya ce in ɗaga ta sama. Na ɗaga. Ya yi dariya, ya ce ni ya daɗe yana nema. Karatu kuwa bai zauna min ba, aji biyu na yi anka koro ni. Abin da na fito da shi daga lakwal, wato makarantar boko, ke nan: ɗan faransancin da zan karanta takarda in gane inda anka yanke ni, da hannun da ya san hanyar kwando.

A shekarun nan akwai wani Alhaji a Ƙonni mai manyan motoci, yana ɗauko siminti daga Malbaza yana kaiwa gabas da yamma. Ba zan faɗi sunansa ba, ba don ya cancanci sutura ba, sai don ƴaƴansa ba su yi min komai ba. Bai san basket ba, bai san ko mutum nawa ke shiga fili ba. Ya dai ga manyan buro, wato ma'aikatan ofis, da sojojin da anka kawo garin suna son wasan, suna zuwa kallo da yamma, shi kuma yana son zama kusa da su a kujerar gaba. Sai ya kafa ekip, ƙungiyar ƴan wasa tasa ta kansa. Ya ɗauko wani malamin makaranta daga yamma, wanda Hausarsa ba ta gama nuna ba, ya ba shi horar da mu. Ya malale siminti a bayan garejinsa, anka kafa kwanduna biyu. Mai motocin siminti ne fa, amma filin nan da ragowar buhunan da sunka fashe a hanya anka yi shi. Damina ɗaya ya tsage, ciyawa ta fito a tsakiya.

Mu ƴan wasa ba albashin ƙwallo ake ba mu ba. Aiki ake ba mu a gareji, da takarda ta shekara guda. Ni aikina tsayawa wurin lodi, in tabbatar an ɗaure tanti da kyau kafin mota ta kama hanya. Da takardar nan nake da ɗaki a bayan gareji, da ita na yi aure, da ita ɗiyata ta fari ta ci tuwo. Kowace shekara bayan kaka, kafin a fara wasanni, ake sabunta ta. A ƙasanta akwai wani layi da ƙananan baƙaƙe: wanda ya yi wata biyu bai shiga fili ba saboda ciwo, aikinsa na gareji ya ƙare tare da wasansa. Na karanta layin tun ranar farko. Na gane shi sarai. Na sa hannu ina murmushi, don a lokacin ina ganin ciwo na wasu ne.

Shekara shida na yi ina tsaye ƙarƙashin kwandon mutumin nan. Aikina tsalle, in cafke ƙwallo in ta dawo daga allo, in sha gwiwar hannun ƙattai a haƙarƙari. Idon sawu ya fara gocewa, a tsagar filinmu. Ya warke. Sai gwiwar hagu, a wani wasa a Maraɗi, na sauko a kan ƙafar wani na ji ta ce ƙas. Ta kumbura, ta sace, ta sake kumbura. Tun daga nan sunana ya canza a gareji. Direbobi in sun gan ni sai su ce, "Ga tulun Alhaji nan, a bi shi a hankali kar ya hwashe."

Asibiti ba ma zuwa. Wannan ita ce wautarmu ta farko, kuma duk mun yi ta. In ka je asibiti likita zai rubuta maka hutu, takardar hutu kuma buro take zuwa, a fara ƙirga maka wata biyun. Don haka sai mu hau amalanken jaki mu tafi Bazaga wurin wani tsoho maɗori. Mutumin kirki ne, kuma karaya ta san hannunsa. Amma tawa ba karaya ba ce. Ya taɓa, ya matsa, ya shafa man shanu, ya ɗaure da kara, sannan ya gaya min gaskiya.

"Ɗana, ni ƙashi nika ɗorawa. Wagga jijiya ta. Ba ta son komi sai zama."

"Baba, zama nawa?"

"Har ta manta da kai."

Na ce to, na gode. Bayan kwana tara ina fili.

Shekarar da zan ba da labari, mun kai wasan ƙarshe na jihar, za mu kara da ekip ɗin sojoji a Tawa. Saura sati guda gwiwar ta sake tashi, ta yi kamar ƙwarya. Na samu mai horar da mu na ce wannan karon ba zan iya ba. Ya ce shi ma ya gani, zai gaya wa Alhaji. Kashegari Alhaji da kansa ya zo ƙofar ɗakina, abin da bai taɓa yi ba. Matata ta shimfiɗa masa tabarma ta shige ciki. Ya zauna, ya ce in miƙo ƙafar. Ya ɗora hannunsa mai zobba a kan kumburin.

"Dogo, mi kaka so ka yi mini? Manyan gari duk na gayyace su. In ba ka cikin hili wa za ya tare mini waɗancan ƙattan?"

"Alhaji, ƙahwar ba ta ɗaukata."

"A ɗaure ta. Wasa guda na. Bayan shi ka kwanta har ka gaji da kwanciya. Kai ɗana na, ba ɗan takarda ba. Ni da kai akwai takarda?"

Ku riƙe wannan maganar. Ni na riƙe ta shekara da shekaru, har yau tana nan inda na ajiye ta.

Anka naɗe min gwiwa da bandeji da robar tayar keke. Na haɗiye ƙwayoyin kashe zafi da ake samowa daga tsallaken iyaka. Na shiga. Ban san abin da na yi a wasan ba sai abin da anka ba ni labari. Mun ci. Saura kaɗan a tashi na yi tsalle na sauko, ƙafar ta lanƙwashe ta inda ƙafa ba ta lanƙwashewa. Anka ɗauke ni a kafaɗa, mutane na tsammanin murna ce. Alhaji ya ɗauki hoto da kofi tsakanin manyan sojoji. Hoton na nan a buronsa har ya bar duniya. Ba ni a ciki, ina bayan mota ina amai.

Damina ta sauka, wasanni sunka tsaya, don haka wata biyun takarda bai kama ni ba. Na kwanta, na koma Bazaga sau biyu. Kumburi ya sauka. Na fara tafiya ba sanda, na fara gudu kaɗan kaɗan, har tsalle ya dawo in na dogara ga dama. Abu ɗaya ya ƙi: gwiwar ba ta naɗewa. Ta kan zo rabi ta tsaya, kamar ƙofar da dutse ya tokare. Sallah sai in miƙe ƙafar gefe in zauna a kan cinya guda.

To ga inda maganar take. Alhaji bai yarda da takardar likita ba, bai yarda da gwajin mai horarwa ba. Ubansa dillalin raƙuma ne, a kasuwar dabbobi ya tashi. Yakan ce raƙumi ba a tsaye ake sayensa ba, sai an gurfanar da shi an ga yadda ya durƙusa da yadda ya tashi. Haka yake yi mana. Ranar sabunta takarda, bayan mai horarwa ya gama sa mu gudu da tsalle, sai a kira la'asar a ɗan masallacin gareji. Kullum Alhaji a sahun gaba yake, bayan liman daidai. Amma ran nan sai ya ja da baya ya ce, "Ku shige gaba, samari, yau ranarku ta." Mu jeru a gaba, shi ya tsaya a sahu na biyu. Mai sallah idonsa a ƙasa yake, kuma ƙasan da ke gaban Alhaji ƙafafunmu ne. Raka'a huɗu: ya ga ruku'u, ya ga sujada, ya ga zaman tahiya, ya ga tashi. Wanda ya miƙe ƙafa, ko ya dafa ƙasa ya yi nishi kafin ya tashi, an gama da shi. Ba mai faɗin wannan a fili, amma duk mun sani. Na ga an yi wa mutum biyu kafin ni. Ban ce komai ba, don lokacin gwiwata na naɗewa.

Na san maganar da ya yi min a ƙofar ɗaki. Na kuma san mutumin. Don haka na shiga shiri. Sati uku, kullum in na taso daga lodi, sai in rufe ɗaki in shimfiɗa buzu, in gasa gwiwar da ruwan zafi, in durƙusa, in danna jikina a kanta da ƙarfi har hawaye su zubo. In tashi, in sake. Matata ta gaji da kallo. Wata rana tana tankaɗe a bakin ƙofa ta ce,

"Malam, tun da anka kawo ni gidanga ban taɓa ganin ka yawaita nahila haka ba. Allah kaka nema ko Alhaji?"

Na daka mata tsawa, na ce ta kula da garinta. Ta ci gaba da tankaɗenta. Amma ta faɗi abin da yake, shi ya sa ya yi min zafi.

Ranar ta zo. Da hantsi na sha ƙwaya biyu, bayan azahar na ƙara biyu. Mai horarwa ya sa mu gudu daga kwando zuwa kwando, na yi. Ya sa mu tsalle mu taɓa zoben ƙarfe, na taɓa sau uku. Ya dube ni, ya dubi ƙafar, ya rubuta wani abu a littafinsa, ya ce min da gurguwar Hausarsa, "Ya yi kyau, Dogo." Anka kira sallah. Munka yi alwala a bakin famfo.

"Ku shige gaba, samari."

Na so in tsaya can ƙarshen sahu jikin bango. Wani abokin wasana ɗan Illela, wanda munka yi shekara biyar muna cin tuwo a kwano ɗaya, ya riga ni wurin. Shi ma idon sawunsa ba lafiya. Ya kau da kai bai dube ni ba. Ban riƙe shi da komai ba. Na tsaya tsakiya, na ji ƙamshin turaren Alhaji a bayan wuyana.

Liman ya kabbarta. Raka'ar fari ta wuce. Sujada ba wuya, zama tsakanin sujada biyu gajere ne, na ɗan jingina ga dama na wuce. A ta biyu anka zauna tahiya. Na naɗe ƙafar hagu, na sauke nauyina a kanta gaba ɗaya, kamar kowane lafiyayye. Abin da na ji ba zan iya rubuta shi ba. Kamar an sa ƙusa mai zafi ana murzawa. Ban karanta tahiya ba. Wallahi ban karanta ko kalma ɗaya ba, haƙorana na cije, ina ƙirga numfashin liman. Anka tashi, na tashi ban dafa ƙasa ba. Ta uku. Ta huɗu. Zaman ƙarshe ya fi tsawo, liman ɗinmu tsoho ne mai jan addu'a. Gumi ya jiƙa min riga har ya ɗiga a tabarma. Na zauna daram. Anka yi sallama.

Na ce a raina na ci. Sai na zo in motsa ƙafar, ta ƙi. Ta kulle a naɗe. Ba ta miƙewa, ba ta ɗaukar nauyi, kamar ba tawa ba.

Na ciro tasbaha na fara ja. Na ce bari mutane su watse, in lallaɓa in ja jiki zuwa bango. Ƴan wasa sunka fita ɗaya bayan ɗaya. Direbobi sunka fita. Liman ya shafa addu'a, ya ɗauki butarsa ya fita. Ban waiwaya ba, amma turaren bai tafi ba. Ina jin ƙarar ƴaƴan tasbaharsa a bayana, ƙas, ƙas, a hankali, ba gaggawa. Ni ina ja, shi yana ja. Mu biyu a ɗakin Allah, ba wanda ke ambaton Allah a cikinmu. Ban san tsawon lokacin da munka ɗauka ba. Inuwar ƙofa ta matsa daga tabarma guda zuwa ta biyu.

Daga baya ya miƙe, ya zagayo gabana. Ya tsaya yana dubana daga sama, shi da bai kai kafaɗata ba.

"Dogo, ibada ta yi. Tashi mu tai buro."

"Sai na ƙare wuridi, Alhaji."

"Wuridin ya ƙare tun ɗazu. Taso."

Ya miƙo min hannu. Hannun nan mai zobba, wanda ya ɗora a kan kumburina. Na dube shi. In na kama, na faɗa da bakina cewa ba na iya tashi. In ban kama ba, zan kwana a nan. Na sa tafin hannuwana biyu a ƙasa, na yunƙura da ƙafar dama, na taso rabi, gwiwar ta yi wata ƙara da shi ma ya ji, na koma na faɗi a kan gefena kamar buhun da ya zamo daga mota.

Bai yi dariya ba, bai yi tsaki ba. Da ya yi ɗaya daga ciki da na fi samun sauƙi. Ya mayar da hannunsa cikin aljihun riga ya ce, "Allah shi ba da lahiya." Ya sa takalmansa ya fita. Makanikai biyu ya turo sunka ɗauke ni.

Kashegari na je buro da sanda. Yana zaune ƙarƙashin hoton kofin, mai horarwa na gefe da littafinsa a kan cinya. Takardun sauran na kan tebur an sa musu hannu. Tawa ba ta ciki.

"Alhaji, ka zo ƙohwar ɗakina. Ka ce ni ɗanka na, ba ɗan takarda ba."

"Na ce. Har gobe kai ɗana na. Amma mota in ta tsaya ba a yi mata lodi, Dogo. Ka sani, aikinka na."

"Wa ya tsai da motar? A hilin wa ta lalace?"

"Ƙaddara ta."

"Ƙaddara ta zo ɗakina ta ce a ɗaure da roba?"

Ya ce in rage murya. Ban rage ba. Na juya ga mai horarwa na ce ya buɗe littafin ya karanta abin da ya rubuta jiya, ya faɗi sau nawa na taɓa zobe. Mutumin nan da ya yi shekara shida yana kirana zakinsa ya sunkuyar da kai yana gyara murfin alƙalami. Shi ma takardar shekara guda gare shi.

Sai Alhaji ya kawo abin da ya kira taimako. Ba aiki a gareji, ba ɗaki. Amma in ƙafar ta yi sauƙi, duk ranar babban wasa in zo a ɗaure ta in shiga, ya san abin da zai yi min. Wato ya ci gaba da matsar abin da ya rage, ranar da yake so, ba tare da ya ɗauki nauyin komai ba. Na gaya masa maganar da ba zan rubuta ba, don ɗiyata na iya karanta wannan. Na fita. Sati bai cika ba anka ba wani yaro dogo daga Madawa ɗakina.

Motar simintinsa ce ta kai mu mararrabar Tajaye, ni da matata da ɗiyata da katifa, a saman tantin da ni na koya wa yaran mota ɗaurinsa. Direban, cikin masu ce min tulu, bai karɓi komai ba, kuma duk hanyar bai yi min wasa ko sau ɗaya ba.

Mutane kan ce min ai kasuwanci ne, ba mai riƙe ɗan wasan da ba ya wasa. Na ji. Da ya kira ni buro ya ce, Dogo, ƙafarka ta mutu, ga hanya, da na zage shi na manta. Da likita ya kai ni anka haska anka ce ba ta gyaruwa, da na ce to. Abin da ban yafe ba shi ne wurin da ya zaɓa. Ya mayar da sahu kasuwar raƙuma. Kuma ni, da hankalina, na shiga na gurfana. Na yi alwala, na fuskanci gabas, na yi raka'a huɗu cif don wani ɗan Adam da ke bayana ya ga ƙafata. Wannan ba shi ya yi min ba, ni na yi. Sati ukun da na yi ina danna gwiwar a ɗaki su sunka ƙarasa ta. Maɗorin Bazaga da ya sake ganinta bai ko taɓa ba, ya ce, "Wa ya yi maka wanga aiki?" Na ce ni. Ya ce, "To."

Ban sake taɓa ƙwallo ba. Na yi gadi, na yi awon hatsi a kasuwa, yanzu ina da ɗan tebur a bakin hanya. A masallacin unguwarmu wurina sananne ne, ƙarshen sahu na baya, jikin bango, inda zan miƙe ƙafar hagu ba ta tare wa kowa hanya ba. Wani lokaci baƙo kan ga furfurata ya ce, "Baba, shige gaba mana." Sai in ce masa ya wuce abinsa. Ba na son kowa a bayana in ina sallah.

La'asar ɗin ran nan kuwa na rama ta. Na tambayi wani malami a Tajaye, ban gaya masa dalili ba, ya ce in ina shakka in sake. Na sake ta a gonar ubana, a zaune, ƙafa a miƙe, ba kowa sai jaki. Har yau in na tuna ta sai in ji kamar ban biya ba.